Kallon Taurari a Sararin Zabori: Tsakanin Idon Manomi da Na'ura Mai Sarrafa Kanta

Kallon taurari don sha'awa da neman sani, wato irin wanda mutum ke yi a tsakar gidansa ko a bayan gari ba tare da ya zama ma'aikacin wata cibiyar bincike ba, ya shiga sabon yanayi a 'yan shekarun nan, tun lokacin da aka fara sayar da wasu ƙananan na'urorin hangen nesa waɗanda ke nemo tauraro da kansu, su riƙa bin sa yayin da yake gangarawa yamma, sannan su aiko da hotonsa cikin wayar hannu. Yawancin masu sayensu mazauna manyan biranen Turai da Amurka da gabashin Asiya ne, inda fitilun tituna da na gine-gine suka disashe sama. Taswirar hasken dare ta duniya, wadda Fabio Falchi da abokan aikinsa suka wallafa a 2016, ta nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanen duniya suna kwana ne ƙarƙashin samaniyar da hasken lantarki ya gurɓata, kuma fiye da sulusin bil'adama ba sa iya ganin farin zirin nan da ke ratsa sama a daren da babu wata, wanda littattafan malamai ke kira Majarra. Ƙasashen da suka fi kowa tsabtar duhu a taswirar su ne Chadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Madagaska, kuma karkarar Nijar ba ta yi nisa da su ba a wannan fanni.

Zabori, wadda ke jihar Dosso ta Nijar, arewa da Gaya, dab da iyakar jihar Kebbi ta Najeriya, tana cikin wuraren da wannan duhu bai ɓaci ba. A da tana ƙarƙashin Gaya, kafin a ware gundumar Dioundiou a 2011 a sanya ta a ciki tare da Karakara, kuma garuruwan da haskensu zai iya shafar samarta, irin su Dosso da Gaya da Birnin Kebbi, duk suna nesa da ita da gomman kilomita. Wajibi ne a faɗi cewa rashi ne ya haifi wannan duhu, domin kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kaɗai ke samun wutar lantarki a Nijar, a ƙauyuka kuwa abin ya fi haka ƙaranci ƙwarai, kuma babu mai hankalin da zai so ɗakin haihuwa ko makaranta su zauna babu fitila don a ji daɗin kallon sama. Abin da ake iya yi idan wutar ta iso shi ne a sa wa fitilun waje murfi, su haska ƙasa inda mutane ke takawa maimakon su watsa haskensu sama, wanda hakan ya fi arha kuma ya fi amfani.

Baya ga duhu, wurin da Zabori take a bayan ƙasa wata baiwa ce ta daban. Tana tsakanin digiri 12 da 13 arewa da layin da ya raba duniya gida biyu, saboda haka mai kallo daga nan, idan ya bi sama tsawon shekara, zai iya ganin kusan kashi 99 cikin ɗari na dukan samaniya, alhali mutumin Landan bai wuce kashi 81 ba. Tauraron arewa, wanda ba ya gusawa daga wurinsa, yana tsaye digiri 12 da 'yan kai bisa inda sama ta haɗu da ƙasa, wato ɗan sama da faɗin dunƙulallen hannu idan an miƙa shi, tunda dunƙule guda yana rufe kimanin digiri 10. Ta kudu kuma Suhailu, tauraro na biyu a haske bayan Shi'ira, yakan hau har digiri 25 a dararen Janairu da Fabrairu, taurari huɗun nan da Turawa ke kwatanta su da gicciye suna bayyana ƙasa-ƙasa a Afrilu da Mayu, sannan tsakiyar Majarra, inda taurari suka fi cunkoso, tana hawa fiye da rabin hanyar tsakiyar sama a Yuli da Agusta. Giginyun kwarin Dallol Mawri suna tare gindin sama, don haka wanda ke son waɗannan taurarin kudu sai ya nemi fako ko tudu, ko masussuka bayan an kwashe amfanin gona.

Mutanen wannan yanki ba baƙin sama ba ne. Manomi ya san Kaza da 'ya'yanta, tarin taurarin da malamai ke kira Surayya, ya kuma san cewa takan ɓace a hasken magariba wajen ƙarshen bazara, ta yi makonni ba a gan ta ba, sannan ta sake fitowa ta gabas da asuba a cikin watan Yuni, daidai lokacin da hankalin kowa ke kan hadari da shuka. An san Zara matar wata, an san Gamzaki mai fitowa kafin alfijir, kuma ilimin falaki ya tabbatar da cewa galibi waɗannan biyun abu ɗaya ne, wato duniyar Zuhura, wadda ke yin watanni tana bin rana da maraice, sannan ta koma tana riga ta fitowa da asuba, a zagayen da ke cika cikin kwana 584. A zauren malamai kuma akwai lissafin manazil, masaukai 28 da wata ke sauka cikinsu, waɗanda aka raba wa shekara, kowane ya ɗauki kwana 13 in ban da Jabha mai kwana 14, jimla ta tashi 365. Bakwai daga ciki su ne taurarin damina, Haƙ'a da Han'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha da Harsan, kuma har yau akwai dattawan da ke auna lokacin shuka da na noman farko da su. Mervyn Hiskett ya yi nazarin yadda wannan lissafi ya shiga rubutattun waƙoƙin Hausa a wata maƙala ta 1967, domin ta hanyar waƙa ne almajirai da manoma suka fi haddace jerin sunayen.

Ƙasar Hausa ta fitar da malamai da suka yi suna a wannan fage, cikinsu har da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya yi rubutu kan hisabi da taurari, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Malaman Sakkwato sun bambance tsakanin sanin tafiyar taurari don gane alƙibla da lokutan salla da yanayin shekara, wanda abin so ne, da kuma duba da taurari don da'awar sanin gaibu, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta gargaɗi a kansa. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga duk wanda zai kafa na'ura a dandalin ƙauye, domin tambaya ta farko da za a yi masa ita ce ko duba yake yi, kuma ya kamata ya iya ba da amsa dalla-dalla.

Kayan aiki na farko shi ne ido, kuma yana da ladubbansa. Idan mutum ya fito daga haske, ƙofar ƙwayar idonsa takan buɗe har ta kai kusan milimita 7, amma cikakken sabo da duhu yakan ɗauki minti 20 zuwa 30, kuma leƙa fuskar waya sau ɗaya ya isa ya rushe shi. Shi ya sa masu kallo ke ɗaura jan ƙyalle a bakin tocila, tunda jan haske bai cika ɓata wannan sabo ba. Da ido kaɗai ake kallon ruwan taurari masu gilmawa na daren 13 zuwa 14 ga Disamba, da ido kuma ake gane tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke kewaya duniya cikin kimanin minti 90 a nisan kilomita 400, da jerin taurarin ɗan'adam na Starlink da aka fara harbawa a 2019, waɗanda kan wuce a layi ɗaya su tayar da jita-jita a ƙauyuka. Mataki na biyu shi ne tabaron hangen nesa mai ido biyu, irin mai lamba 10 da 50, wato mai kusanto da abu sau 10 da gilashin gaba mai faɗin milimita 50. Wanda ya ɗora shi kan Kaza zai ga 'ya'ya shida ko bakwai da ya saba ƙirgawa sun zama gommai, farare masu ratsin shuɗi, manyan sun jeru a tsakiya, ƙananan sun bazu kewaye da su. Nasara kuwa, wadda ido ke gani kamar ɗan tabon hazo a dararen Fabrairu da Maris, sai ta warware ta zama taurari ɗai-ɗai, wasu bibbiyu, wasu uku-uku. Malamin da ya shekara yana ambaton wannan suna a lissafinsa ya cancanci ya ga abin da sunan yake nufi.

Ƙarfin kowace na'urar hangen nesa yana cikin faɗin bakinta, domin aikinta na asali shi ne tara haske, kamar yadda babbar ƙwarya ta fi ludayi tarar ruwan sama. Yawan hasken yana ƙaruwa ne da ninkin faɗin a kansa, don haka gilashi mai milimita 50 yana tara hasken da ya ninka na ido kusan sau 50, madubi mai milimita 200 kuma ya ninka shi kusan sau 800. Na'urar farko, wadda Hans Lipperhey ya nemi a yi masa rajistarta a Holan a 1608, da gilasai take tanƙwara haske, kuma da irinta Galileo ya ga watanni huɗu na duniyar Mushtari a Janairun 1610. Isaac Newton ya ƙera mai amfani da madubi mai loko a 1668, wadda ke tara hasken ta mayar da shi gefe zuwa wani ɗan gilashi da ake sa ido, wanda za a iya kiransa maleƙi. Tsarin da ya fi dacewa da karkara shi ne na John Dobson, wanda ya yaɗa shi a titunan San Faransisko tun daga ƙarshen shekarun 1960: madubin Newton a cikin faffaɗan bututu, bisa akwatin katako mai juyawa hagu da dama da sama da ƙasa, babu batir, babu injin. Madubin da maleƙin ne kaɗai sai an sayo daga waje, sauran kuwa kafinta da mai walda na Gaya ko Kamba za su iya haɗawa, su kuma gyara idan ya lalace.

Abin da irin wannan na'ura ke nunawa ba ya bukatar dogon bayani. Idan wata ya kwana bakwai, a kan layin da ya raba haskensa da duhunsa, ramuka masu zagayayyen baki suna fitowa da inuwa baƙa ƙirin a cikinsu, kololuwar wasu duwatsu tana ƙyalli ita kaɗai a ɓangaren da rana ba ta iso ba tukuna, kuma cikin minti ɗaya ko biyu duk hoton yana zamewa daga maleƙin, sai an tura bututun da hannu, domin duniya tana juyawa digiri 15 a kowace sa'a. Zuhal, ɗaya daga cikin duniyoyi, yana bayyana ƙarami, ruwan ƙwai, da zobensa. Mushtari da ɗamara biyu masu duhu da 'yan watanninsa a jere, waɗanda ke sauya wuri daga dare zuwa dare. Zara kuma, idan ta kusato, takan zama jinjiri kamar na wata.

Sababbin na'urori masu sarrafa kansu sun bi wata hanya daban. Kamfanoni biyu na Faransa, Vaonis na Montpellier da Unistellar na Marseille, su ne suka buɗe kasuwar a ƙarshen shekarun 2010 da na'urori masu tsadar dubban daloli, sannan kamfanonin Sin suka karya farashin. Seestar S50, wadda kamfanin ZWO ya fitar a 2023, tana da gilashi mai faɗin milimita 50, nauyinta bai kai kilo 3 ba, batirinta yana kai wa kimanin sa'a shida, kuma farashin da aka sa mata a lokacin dala 499 ne, wato wajen jika 300 na kuɗin sefa kafin kuɗin dako da na kwastan. Ƙanwarta S30 da kuma Dwarf 3 sun fi ta ƙanƙanta, ana iya jefa su cikin jakar makaranta. Yawancinsu ba su da maleƙi ko kaɗan, domin a inda ido zai zauna an sa wani ɗan farantin lantarki mai ɗaukar haske, ɗan'uwan wanda ke cikin kyamarar waya.

Yadda suke aiki ya cancanci a tsaya a kansa. Mai kallo yakan kafa na'urar bisa ƙafafunta uku a wuri mai daidai, ya haɗa ta da wayarsa ta siginar da ita kanta ke watsawa, wadda ba ta bukatar intanet sai a ranar rajista ta farko da lokacin sabunta manhaja. Daga nan sai ta ɗaga kai ta ɗauki hoton wani yanki na sama, ta gwada zanen taurarin da ta gani da taswirar da ke ajiye cikinta, ta haka ta gane inda ta dosa ba tare da an nuna mata ba. Idan aka zaɓi abin kallo, misali babban gajimaren iskar gas da ke ƙasa da taurari ukun nan masu jere a sararin hunturu, wanda haskensa ke shafe kimanin shekara 1,350 kafin ya iso, sai injinanta biyu su juya ta can, ta fara ɗaukar hotuna na daƙiƙa 10 kowane, tana ɗora su bisa juna. Hoton farko yakan zo da ɗigo-ɗigo da hazo, amma da yake ɗigon yana faɗowa barkatai, hasken gaskiya kuma yana faɗowa wuri ɗaya kullum, tarawar tana tace shi, ta yadda hotuna 100 ke ba da tsabtar da ta ninka ta hoto ɗaya sau 10. Cikin rubu'in sa'a sai fuskar wayar ta cika da fikafikan ja da ruwan hoda, da baƙar ƙura da ta ratsa su, launukan da idon mutum ba ya iya kamawa a maleƙi ko da madubin ya kai girman faifai, domin ido ba ya tara haske ya ajiye.

Wannan nasara ce ta gaske, kuma tana da amfani na musamman ga taro, domin yara talatin za su iya kewaye waya ko allon kwamfuta su ga abu ɗaya a lokaci guda, maimakon su yi layi kowa ya leƙa na 'yan daƙiƙu. Amma tana da iyaka da ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya kashe kuɗinsa. Duniyoyi suna fitowa ƙanana ƙwarai a cikinta, har Zuhal bai fi ɗigo mai kunnuwa ba, kuma filin da S50 ke gani a hoto guda bai kai digiri ɗaya da rabi a tsawo ba, don haka Kaza ba ta shiga cikinsa gaba ɗaya sai an yi dabarar haɗa hotuna. Rayuwarta tana rataye ga batir da waya da manhajar da kamfani ke kula da ita daga wata nahiya, kuma idan injinta ya tsaya babu mai gyara a kusa. Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne cewa mutum zai iya tara hotuna ɗari na abubuwa masu nisa, ya fito tsakar gida ya kasa nuna taurari irin su Dabaran ko Ƙalbu da yatsa, tunda na'urar ce ta san hanya, shi bai taɓa bin ta ba. A wurin da ake da dattawan da suka san sama da ido, wannan asara ce babba, kuma saboda haka tsarin da ya fi dacewa shi ne a fara da ido da sunayen gida, a bi da tabarau mai ido biyu, sannan madubin Dobson, na'ura mai sarrafa kanta ta zo daga baya ta nuna abin da waɗancan suka gaza nunawa.

Yanayin ƙasar Dandi da Arewa shi ke yanke wa mai kallo ranakun aikinsa. Yankin Gaya ne ya fi ko'ina samun ruwa a Nijar, kimanin milimita 800 a shekara, don haka gajimare yakan rufe dararen damina da yawa, sai dai daren da ya biyo bayan ruwa mai ƙarfi yakan zo da sama wankakkiya tas, wadda babu kamarta a duk shekara. Daga Disamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na Chadi, kuma hazon yakan cinye taurarin da ke ƙasa-ƙasa ko da babu gajimare ko ɗaya. Kaka, daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, ita ce lokacin da aka fi dogara da shi. Ƙurar nan maƙiyiyar gilashi ce, kuma goge ta da bakin rawani ko hannun riga yana karce shi har abada, sai dai a hure ta da 'yar robar busa iska, a rufe na'urar cikin akwatinta da zarar an gama. Zafin bazara yana ƙara ɗigon hoto yana kuma gajiyar da batir, don haka ɗakin kwano da rana ba wurin ajiya ba ne. Caji kuwa ƙaramin farantin sola ya wadatar.

Jika 300 kuɗi ne da ya fi ƙarfin yawancin magidanta, kuma rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya ƙara wahalar shigo da kaya. Hanyar da ta fi kama hankali ita ce na'urar ta zama ta jama'a, a hannun makarantar sakandare ko ƙungiyar malamai ko ta matasa, tana zagaya ƙauyuka a bayan babur, tare da goyon bayan Jami'ar Dosso ko Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wadda ke ɗauke da sunan masanin kimiyyar da ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin rana. Haka kuma yankin iyaka ne da ke fama da matsalar tsaro, inda baƙon abu mai ƙafa uku da ke juya kai cikin dare zai iya jawo zargi, saboda haka sanar da mai gari da liman da jami'an tsaro tun da rana, da yin kallon a fili cikin jama'a kusa da gari, sharaɗi ne da ba a tsallakewa.

Wurin da wannan sha'awa ta fi taɓa rayuwar kowa shi ne duban jinjirin wata. Watan sama yana cika zagayensa cikin kwana 29 da rabi da ɗan ɗoriya, kuma ido ba ya kama jinjirin da bai kai kimanin sa'a 15 da haihuwa ba, sannan masanin Faransa André Danjon ya lura tun shekarun 1930 cewa idan tazarar wata da rana ba ta kai wajen digiri 7 ba, ba a ganinsa. A Nijar majalisar malamai ta ƙasa ce ke tattara shaidu, a Najeriya kuma Sarkin Musulmi ne ke sanarwa, kuma akan samu shekarar da 'yan'uwa a ɓangarori biyu na iyaka suke ɗaukar azumi ko yin salla a ranaku daban. Na'ura mai sarrafa kanta tana iya dosar daidai inda lissafi ya ce watan yake bayan faɗuwar rana, ta nuna wa masu duba wurin da za su zuba ido, ta kuma ajiye hoto mai ɗauke da lokaci. Ko hoton kyamara yana tsayawa a matsayin gani na shari'a, wannan hukunci ne na malamai. Abin da na'urar ke iya bayarwa shi ne taimako wajen rarrabe jinjiri da siririn gajimare ko Zuhura.

Akwai kuma gudummawar da ƙananan na'urori ke bai wa kimiyya, kuma misali mafi kusa daga Senegal ya fito. Idan wani dutsen sararin samaniya ya gilma gaban tauraro, inuwarsa takan faɗo bayan ƙasa a siririn layi, tauraron ya ɗauke na 'yan daƙiƙu, kuma idan mutane da dama suka jeru a faɗin layin suka auna tsawon ɗaukewar, ana gane girman dutsen da siffarsa. Maram Kaire da ƙungiyarsa ta masu sha'awar taurari sun jagoranci irin wannan aiki tare da hukumar NASA a 2018 da 2020 da 2021, da na'urorin da ake ɗauka a mota, kuma a 2021 aka raɗa wa dutse mai lamba 35462 sunansa. A Satumbar 2022, lokacin da kumbon DART ya daki wani dutse da gangan, masu na'urorin Unistellar a Kenya da tsibirin Reunion sun ɗauki ƙaruwar haskensa, sakamakon ya fito a mujallar Nature. Irin wannan inuwa ba ta zaɓar ƙasa mai arziki, kuma faɗin Sahel kusan babu masu aunawa, don haka mai na'ura ɗaya da ya iya kiyaye lokaci daidai a jihar Dosso zai iya cike gurbin da babu wanda zai cike shi.

Aikin da ya fi gaggawa, duk da haka, littafin rubutu da alƙalami kawai yake bukata. Sandar da duniya ke juyawa a kanta tana yin wani lilo a hankali, wanda ke gusar da taurari daga kwanakin shekara da digiri ɗaya a kowace shekara 72, ta yadda cikin kimanin shekara 900 lissafi kan zame da masauki guda cur. Ma'ana, ranar da tsohon jadawali ya ce tauraro kaza ya fito ba lallai ta dace da ranar da ido zai gan shi a gabas da asuba ba. Ɗaliban da za su rubuta, shekara bayan shekara, ranar da Kaza ta ɓace da ranar da ta sake fitowa a Zabori, da ranar ruwan shuka, da sunan da kowane dattijo ko tsohuwa ke kiran kowane tauraro da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci, za su tara abin da babu shi a manhajar kowace na'ura, tunda sunayen da ke cikin waɗannan manhajoji na Girkawa ne da Larabawa da lambobin kundin Turawa.

Rana ita ce abu ɗaya da ba a kallo da kowace irin na'ura sai da matatar haske da aka yi musamman don haka, wadda ake rufe bakin gaba da ita, domin gilashin da ke tara hasken tauraro yana ƙona ido nan take, kuma baƙin tabarau ko gilashin da aka shafa wa hayaƙi ba sa karewa. Manya da yawa suna tuna husufin 29 ga Maris 2006, wanda cikakken duhunsa ya ratsa Gana da Togo da Benin da arewa maso yammacin Najeriya, ya bi ta Gusau da Katsina ya shiga Nijar. Na 2 ga Agusta 2027 zai cika ne a arewacin Afirka da Makka, a Dosso kuwa wani ɓangare na rana ne kawai zai rufe da hantsi, a tsakiyar damina, lokacin da gajimare zai iya hana gani. Na 20 ga Maris 2034 ya fi kusa, domin cikakken duhunsa zai shigo ta kudancin Najeriya ya wuce Kamaru da Chadi, kuma daga Zabori za a ga mafi yawan rana ya rufe. Makarantar da ba ta da matata tana iya huda ƙaramin rami a kwali, ta bar hasken ya faɗa kan farar takarda a inuwa, yara su juya wa rana baya su bi yadda wata ke cin gefenta a kan takardar.